Tasawa: Tsohuwar cibiyar sarauta da yau ta dogara da guzurin 'yan ci-rani

Matafiyi daga Maraɗi zuwa Damagaram yakan tsaya a Tasawa ne ya sayi kilishi, ya yi sallah, ya wuce. Kaɗan ne ke tuna cewa wannan gari, mai nisan kimanin kilomita 120 gabas da Maraɗi, ya taɓa zama fadar sarki kuma mazaunin mulkin yankin gaba ɗaya, kafin Turawan Faransa su kwashe ofisoshinsu su mayar Maraɗi a shekarar 1927. Tun daga lokacin Maraɗi ta bunƙasa ta zama cibiyar kasuwancin Nijar, Tasawa kuwa ta koma zango a bakin hanya.

Amma ƙasar ba ta ragu da mutane ba. A ƙidayar 2012, gundumar Tasawa da maƙwabciyarta Mayahi kowacce tana da mutane sama da rabin miliyan. Abin da ya ragu shi ne gonar da kowane gida ke nomawa, kuma wannan ne ke fitar da matasa daga gida.

Yashi, gero da goriba

Ƙasar shimfiɗaɗɗiya ce, jigawa mai yashi, ba dutse ba kogi mai gudu. Kudancin Tasawa, wajen Korgom da Hawandawaki, ya kusanci iyakar jihar Katsina, kuma nan ne ruwan sama ya fi auki, jama'a suka fi cunkushewa. Idan aka nufi arewa ta Urafan, ko aka shiga Mayahi, ruwa na raguwa, gonaki na faɗaɗa, har a kai inda makiyaya suka fi manoma yawa.

Gulbin Kaba ne ya ratsa Mayahi da Kanan Bakashe. Sunan gulbi kawai ya rage masa, domin ruwa ba ya gudu a cikinsa kamar dā, sai dai yana kusa a ƙarƙashin ƙasa. Shi ya sa goriba ta yi yawa a kwarin, mata suna yankan kaba suna saƙa tabarma da igiya da faifai. A gidaje da dama kuɗin kaba ne ke sayen gishiri da sabulu a watannin da rumbu ya yi ƙasa.

Hausawa ne mafiya rinjaye, Katsinawa da Gobirawa da Tazarawa, tare da Fulani da Buzaye. Ana noma gero da dawa da wake da gyaɗa da riɗi da aya, ana kiwon jar akuyar nan da duniya ta sani da sunan Maraɗi, wadda fatarta ke da daraja a wajen masu jima.

Yadda sarauta ta zo, da yadda aka rage mata ƙarfi

Tasawa yanki ne na tsohuwar ƙasar Katsina. Bayan jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya ci Birnin Katsina a wajajen 1807, zuriyar sarakunan Haɓe suka yi arewa, daga baya Ɗankasawa ya kafa sabuwar fada a Maraɗi, Tasawa ta zama ƙarƙashinta.

Bajamushen nan ɗan yawon bincike, Heinrich Barth, ya iso Tasawa a watan Janairun 1851 tare da ayarin gishirin Abzinawa masu zuwa Kano. Ya tarar da gari mai kasuwa da marina, mutane cikin wadata, kuma shi ne babban garin Hausa na farko da ya gani bayan ya ƙetare Sahara. Arzikin garin a wancan zamani hanya ce: gishiri na saukowa daga arewa, hatsi da tufafi na hawa.

A ƙarshen ƙarni na 19 rikicin fada ya sa Kaura Hasau ya kori Sarkin Maraɗi Mijinyawa, wanda ya dawo Tasawa da zama. Nan Faransawa suka same shi, suka riƙe shi a matsayin sarki. Zuwan nasu bai zo da daɗi ba. Rundunar Voulet da Chanoine, wadda ta ƙone garuruwa, har da Birnin Ƙonni, ta karkashe jama'a, a ƙasar Tasawa ta rasa shugabanninta. A ranar 14 ga Yulin 1899 Voulet ya sa aka harbe Kanal Klobb, jami'in da gwamnatinsu ta aiko ya tsayar da su, a kusa da Dankori. Cikin 'yan kwanaki sojojinsu suka juya musu baya suka kashe su duka biyun. Kaburburansu na nan a Maijirgi har yau.

Yanzu Nijar na da manyan sarakuna biyar masu muƙamin sultan: Agadas, Damagaram, Dosso, Katsinar Maraɗi da Gobir ta Tsibiri. Tasawa ba ta cikinsu. Sarakunan Tasawa, Korgom, Urafan, Mayahi da Kanan Bakashe suna matakin kanto ne. Dokar 2015 kan sarautun gargajiya ta sanya su cikin tsarin mulkin ƙasa: masu gari ke zaɓen sarki daga gidan sarauta, gwamnati ta tabbatar, ta kuma riƙa ba shi alawus. Aikinsa karɓar haraji da sasanta jama'a. A sama da shi akwai shugaban gunduma da gwamnati ke naɗawa. Ƙananan hukumomin kuwa, bakwai a Tasawa takwas a Mayahi, sun rasa zaɓaɓɓun kansilolinsu a watan Afrilun 2024, lokacin da gwamnatin soja ta rusa majalisun ta naɗa kantomomi.

Wato dai talakan ƙauye ba shi da zaɓaɓɓen kansila a kusa da shi. Mai gari da sarki ne suka rage masa, kuma mafi yawan ƙarar da yake kai musu ta gona ce.

Gona ta yi kaɗan

Binciken lafiyar al'umma na 2012 ya nuna mace a jihar Maraɗi na haihuwar 'ya'ya fiye da takwas a matsakaicin lissafi. Gandun da kaka ya noma da iyalinsa an raba wa 'ya'ya, an sake raba wa jikoki. A kudu babu sauran dajin da za a sare, ba a kuma barin gona ta huta. Mata ne suka fara ji a jikinsu, domin idan gona ta ƙaranta, gamanar da miji kan yanka wa matarsa ita ake fara janyewa.

Sai kuma sayarwa. Shekarar da damina ta gaza, mai ƙaramin ƙarfi yakan jinginar da gona ya sayi hatsi, idan ya kasa fansa ta tafi ke nan. Masu saye galibi 'yan kasuwa ne da ma'aikata daga birni. Dokar ƙasar noma ta 1993 ta kafa kwamitocin filaye a matakin gunduma da ƙaramar hukuma da ƙauye domin a riƙa rubuta irin wannan ciniki. Takarda tana rage shari'a, amma ba ta hana mai yunwa sayarwa.

A dā gyaɗa ce ke rufe wannan giɓi. Kamfanin gwamnati na SONARA na saye, manomi na samun kuɗin haraji da na aure. Farin shekarun 1970 da cutar da ta faɗa wa gyaɗa a 1975 suka karya kasuwar. Daga nan sai yunwar 1984, wadda mutanen yankin suka laƙaba wa suna El-Buhari saboda ta zo daidai da rufe iyakar Najeriya, sannan ta 2005.

Abu guda da ya gyaru shi ne itace. Tun shekarun 1980 manoma a jihohin Maraɗi da Damagaram suka koma barin tohon kututture a gona suna sassabe shi ya girma, maimakon tumɓukewa. An ƙiyasta hekta miliyan biyar sun farfaɗo ta wannan hanya. Gawo, wanda ke zubar da ganye da damina ya bar gero ya sha rana, ya koma dukiya. Sai dai itace na ƙara yabanya ne, ba ya ƙara faɗin gona.

Wata masarauta a tsakiyar teku

Akwai ƙasar da ta gwada hana sayar da ƙasa baki ɗaya. Tonga, tarin tsibirai kimanin 170 a tekun Pasifik, mai mutane kusan dubu 100, ita ce kaɗai ƙasar yankin Polinesiya da har yanzu sarkinta na gado ke kan gadon mulki. Kundin tsarin mulkinta na 1875 ya ce ƙasa duka ta sarki ce, ba a sayar da ita, kuma doka ta ba kowane namiji da ya kai shekara 16 haƙƙin samun gona ta kimanin eka takwas.

A takarda abin sha'awa ne. A zahiri ƙasar ba ta kai kilomita murabba'i 750 ba, don haka maza da yawa ba su taɓa samun rabonsu ba, mata kuwa sai haya. Yau 'yan asalin Tonga da ke zaune a New Zealand da Ostireliya da Amurka sun fi na gida yawa, kuɗin da suke aikowa kuma ya kai kusan kashi 40 cikin 100 na arzikin ƙasar. Hana sayarwa ya kare gonar gado daga hannun mai kuɗi, bai hana matashi tafiya ba.

Bambancin yana wajen yadda ake tafiyar. Ɗan Tonga kan je tsinkar 'ya'yan itace a New Zealand ƙarƙashin yarjejeniyar gwamnatoci, da biza da albashi sananne. Ɗan Mayahi kan kama hanyar Kano ko Legas, ko ya bi ta Agadas zuwa Libiya da Aljeriya, da kuɗin motar da aka sayar da akuya aka haɗa masa, ba wata hukuma da ta san ya fita.

Kuma abin da yake samowa ba a hannunsa darajarsa take ba. Tun da Naira ta faɗi a 2023, wanda ya yi rani yana tura baro a Kano yakan ga guminsa ya narke a wajen 'yan canji, domin Sefa na ɗaure da kuɗin Yuro. Rufe iyaka bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, wanda ya kai har watan Maris na 2024, ya ƙara tsananta abin: wake da dabbobi suka rasa kasuwarsu ta kudu, kayan masarufi suka yi tsada.

Duk da haka layi ba ya yankewa a ofisoshin aika kuɗi irin su NITA da Amana a Tasawa da Mayahi, musamman daga watan Yuni zuwa Agusta, lokacin da tsohon hatsi ya ƙare sabo bai nuna ba. Jika goma ko ashirin da ɗa ya turo daga Libiya a irin waɗannan makonni ita ke sa uba ya sayi tiyar gero a kasuwa, ya fasa zuwa ƙofar mai gari da shaidu biyu domin rubuta takardar jinginar gona.