Lu'ulu'un da ake dafawa a masana'anta, da fiɗar da ba a sa wuƙa

Duk wanda ya taɓa tsayawa a rumfar masu kayan gini a kasuwar Katako ta Yamai, ko a babbar kasuwar Maraɗi, ya ga faifan ƙarfen nan da magina ke ɗaura wa mashin su yanka karo da dutse. In ka shafa bakinsa za ka ji ɗan kaushi kamar an barbaɗa yashi. To jama'a, wannan yashin lu'ulu'u ne, wanda wasu ke kira diyaman, kuma na gaskiya ne, sai dai babu wanda ya haƙo shi daga ƙasa. A masana'anta aka dafa shi. Haka nan ƴan'uwanmu mata, da wuya a samu wadda ta yi awon ciki a birni ba a shafa mata mai a mara an ɗora mata na'urar ekografi ba. Sautin da ke nuna mata kwanciyar jaririnta, in aka ƙara masa ƙarfi aka tattara shi wuri ɗaya, yana ƙona ƙari a cikin jiki ba tare da an tsaga fata ba.

Abin da ya sa muka haɗa waɗannan abubuwa biyu a shafi ɗaya shi ne takarda. Kowannensu yana da takardun mallakar ƙirƙira, abin da Faransawa ke kira brebe, kuma waɗannan takardu suna cikin abin da ke yanka farashi, su ne kuma ke sa wani kaya ya iso kasuwarmu da wuri, wani ya makara.

Tun a 1797 wani Bature ɗan Ingila, Smithson Tennant, ya tabbatar cewa lu'ulu'u da gawayi asalinsu ɗaya ne, wato sinadarin kabon. Bambancin kawai yadda ƙwayoyin suka jeru suka riƙe juna. Daga nan mutane suka yi ta ƙoƙarin mayar da baƙin abu ya zama dutse mai daraja, fiye da shekara 150 ana faɗi-tashi. A 1953 kamfanin ASEA na ƙasar Suwidin ya dace, amma ya yi gum da bakinsa. Ran 16 ga Disamba 1954 sai wani ma'aikacin kamfanin General Electric a Amurka, Tracy Hall, ya matse kabon cikin wata na'ura da ya ƙera, da zafin da ya haura digiri 1500, ya buɗe ya tarar da ƴan ƙwayoyi suna ƙyalli. Ya sake, suka sake fitowa. Wani abokin aikinsa ya gwada da na'urar, shi ma ya samu.

Me aka ba Hall? Takardar ajiya ta dalar Amurka 10. Ba kuskuren bugu ba ne, goma. Takardar mallakar ta zama ta kamfani, domin a ƙa'idar aikinsa abin da ma'aikaci ya ƙirƙira na ubangidansa ne. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Hall ya bar aikin a 1955 ya koma koyarwa a jami'a, kuma da yake gwamnatin Amurka ta sa takunkumin sirri a kan na'urarsa ta farko, sai da ya zauna ya ƙera wata daban kafin ya ci gaba da sana'ar da shi ya buɗe ta.

Yashin da ke bakin faifan magina daga wannan hanya ta matsewa yake fitowa, haka ma haƙoran wasu kawunan injin da ke huda dutse wajen gina rijiyar burtsatse. Yawancinsa yanzu a ƙasar Sin ake yi, musamman lardin Henan. Takardun farko sun daɗe da ƙarewa, kowa na iya yi, shi ya sa faifan ya zama abin da ƙaramin magini ke saya da kuɗin aljihunsa.

Hanya ta biyu ta fi ban mamaki, ita ce ta yi wa abu rufi da lu'ulu'u kamar yadda maƙera ke yi wa awarwaro ruwan zinariya. Ba a matse komai. Ana sa abin da za a rufe cikin wata tukunya da aka zuƙe wa iska, a shigar da iskar haidurojin da ɗan kaɗan na iskar metan, kamar kashi 1 cikin 100. Metan ɗin nan ba baƙuwa ba ce, ita ce ke tashi daga ruɓaɓɓen kashin shanu. Sai a kunna wata waya ta yi zafi wajen digiri 2000, iskar ta farfashe, ƙwayoyin kabon su riƙa sauka a kan abin kamar raɓa, suna jeruwa. Aikin haidurojin shi ne ta cinye duk wanda ya so ya zama baƙin gawayi, ta bar lu'ulu'u kawai. Cikin sa'o'i sai a samu fata siririya wadda ba ta kai kaurin gashi ba, amma ba abin da ya fi ta tauri.

Wani Ba'amurke, William Eversole na kamfanin Union Carbide, ya fara gwada wannan tun farkon shekarun 1950, ya samu takarda a 1962, sai dai abin nasa yana tafiyar hawainiya, ba ya biyan kuɗin wuta. Masanan Tarayyar Sobiyet suka ɗauka suka gyara, sannan a 1982 wata cibiyar bincike ta gwamnatin Japan a garin Tsukuba ta fitar da hanyar da ke aiki sosai. Yau ana rufe bakin kayan yankan alminiyam da kayan ƙirar jirgin sama da wannan fata, da zoben da ke hana famfon masana'anta yoyo. Akwai kuma ɗan'uwansa, wani rufin kabon mai kama da lu'ulu'u, wanda kamfanin Gillette ya sa a bakin rezarsa Mach3 da ta fito a 1998. Abu ɗaya da lu'ulu'u ba ya shiri da shi shi ne baƙin ƙarfe mai zafi, domin ƙarfen yana shanye kabon. Don haka mai saida faifan karo ya gaya wa yaron magini kada ya kai shi kan rodi, asara ce.

Ga masu zuwa Dubai da Guwanzu sayen kayan ado, a nan ne maganar ta shafi jari. Da hanyoyin nan biyu yanzu ana yin manyan duwatsu na zobe da ƴan kunne, kuma ƴar na'urar gwaji ta hannu da ake dangwala wa dutse ba ta bambanta su da na haƙa, saboda duka lu'ulu'u ne. Sai manyan ɗakunan gwaji. A 2018 kamfanin De Beers, sarkin lu'ulu'un haƙa, ya buɗe reshen saida na masana'anta mai suna Lightbox a kan dalar Amurka 800 kowane karat, karat kuwa kashi ɗaya ne cikin biyar na giram. Farashi ya yi ta zubewa har a 2025 kamfanin ya ba da sanarwar rufe reshen. Ƙasar Botsuwana, wadda ta dogara da haƙar lu'ulu'u, ta ji a jikinta. Wadda ta saba ajiye dukiyarta a zinariya kada ta ɗauka dutsen masana'anta ma ajiya ne. Na ado ne, ranar saidawa ba ya maido da kuɗinsa.

Mu koma asibiti. Yaran makaranta sun san wasan nan na ɗaukar gilashi mai kumburin ciki a tara hasken rana a ɗigo ɗaya har takarda ta kama hayaƙi. Ka sa hannu kusa da gilashin ba ka jin komai, sai daidai ɗigon. Haka ake yi da sautin da ya fi ƙarfin kunnen mutum. Ana harba shi daga wurare da yawa, ya ratsa fata da tsoka ba ya cutar da su, ya haɗu a wuri ɗaya da bai fi ƙwayar shinkafa ba. A nan zafi ya kan haura digiri 60 cikin ƴan daƙiƙu, naman wurin ya mutu. A matsa gaba kaɗan a sake, ɗigo bayan ɗigo, har a gama da ƙarin. Daga baya jiki ya riƙa shanye mataccen naman a hankali.

Dabarar tsohuwa ce. A shekarun 1950 wasu ƴan'uwa biyu a jami'ar Ilinoyi ta Amurka, William da Francis Fry, sun gwada ta a ƙwaƙwalwar masu ciwon karkarwa, amma sai an buɗe ƙoƙon kai, kuma likita ba ya ganin inda yake ƙonawa. Harbi a duhu ke nan, dole aka jingine. Abin da ya farfaɗo da ita shi ne ido. A farkon shekarun 1990 masana a Amurka, cikinsu da Kullervo Hynynen da Ferenc Jolesz da injiniyoyin General Electric, suka haɗa ta da babbar na'urar hoto ta maganaɗisu, wadda a asibitocinmu ake kira IRM. Wannan na'ura tana nuna ƙarin, tana kuma nuna zafin wurin yayin da ake aiki, don haka in harbin ya kauce likita zai gani ya tsaya. A Faransa likitocin birnin Liyon suka bi ta ekografi, suka fara yi wa maza masu kansar ƙwayar mafitsara, wato furostat, a 1993. A Sin ma masanan birnin Congcin suka ƙera tasu na'urar mai aiki da ekografi.

A 2004 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da na'urar ExAblate ta kamfanin InSightec na Isra'ila don maganin ƙarin mahaifa, wanda matanmu suka fi sani da fibrom. A 2016 ta amince a yi wa masu karkarwar hannu, da wata hula mai bakin harbi 1024, ba tare da an buɗe kai ba, maras lafiya yana farke ana tambayarsa yadda yake ji. A 2023 aka amince da wata sabuwa wadda ba ƙonawa take yi ba, farfasa ƙarin hanta take yi da ƴan kumfa.

Maganar fibrom ce ta fi tsaya mana a rai. Wani bincike da aka buga a Amurka a 2003 ya nuna cewa kafin shekara 50, fiye da kashi 80 cikin 100 na baƙaƙen mata suna da shi, ko da yake da yawa ba ya damunsu. Wadda ya dama kuwa ta san wuya: jinin al'ada mai yawa har ta yi fari fat, ciki ya kumbura ana yi mata barka da abin da babu, wani lokaci ɓari ko rashin haihuwa, da gorin dangin miji a kai. In aka yi fiɗa, sai kwanaki a gadon asibiti da makonni a gida. Mai tuyar ƙosai ko mai rumfar atamfa ta san abin da wata guda ba ciniki yake nufi, ga zubin adashi ba ya jira. Da na'urar sauti mace kan koma gida ranar ko washegari, ta kama harkokinta cikin ƴan kwanaki, kuma mahaifarta na nan.

Amma kada a ɗauka maganin kowa ne. Sauti ba ya ratsa ƙashi da iska yadda ya kamata, don haka in hanji ya gitta gaban ƙarin, ko akwai tabon tsohuwar fiɗa a hanya, aikin na iya gagara. Wani ƙarin ya yi girma ko yawa, wani jini ya yi masa yawa ba ya ƙonuwa. Akan samu ƙunar fata, kuma wasu matan sai an sake yi musu aiki bayan ƴan shekaru. Ga tsada: na'urar, da ɗakin da za a sa ta, da wutar da ba ta ɗaukewa, da ma'aikatan da suka ƙware. A nahiyarmu asibitin Chris Hani Baragwanath na Soweto a Afirka ta Kudu yana cikin waɗanda suka fara samun irin ta Sin. Muna kuma jan kunne: ƴar na'urar tausa da wani zai ɗauko a jaka ya ce tana narkar da fibrom ba ita ba ce. Wadda ke zubar da jini ta je a yi mata ekografi, likitan mata ya faɗa mata abin da ya dace da nata.

Ita takardar mallaka yarjejeniya ce. Mai ƙirƙira ya bayyana sirrinsa a rubuce, hukuma ta hana kowa kwaikwayo sai da izininsa har shekara 20, bayan nan abin ya zama na kowa. Akwai masu wasa da ita. Jerome Lemelson, Ba'amurken da ya rasu a 1997, ya tara takardu fiye da 600, har da na rufin lu'ulu'u da na kayan likita, alhali ba shi da masana'anta. Wasu buƙatunsa ya shigar da su tun shekarun 1950 ya yi ta jan su, sai da kamfanoni suka zuba jari a fannin sannan takardun suka fito, aka bi su da neman kuɗi. An karɓi fiye da dalar Amurka biliyan ɗaya ta haka, kafin wata kotu a jihar Nebada ta yanke a 2004 cewa jinkirin ya wuce kima, ta hana aiki da takardun da aka yi shari'a a kansu. Wasu na ganinsa gwarzon ƙananan masu ƙirƙira, kuma gaskiya ne ya ba da dukiya mai yawa don tallafa musu. Mu dai a namu gani, wanda ya ɓoye shaidar fili har maƙwabci ya gama gini sannan ya fito da ita, ba a ce masa mai gaskiya ba ko da filin nasa ne.

Nijar tana cikin ƙungiyar OAPI mai ƙasashe 17, wadda ke da mazauni a Yawunde, aka kafa ta da yarjejeniyar Bangi ta 1977. Takarda ɗaya da aka samu a can tana aiki a dukkan ƙasashen. Ta wannan ƙungiya aka yi wa kilishin Nijar da albasar Galmi rajistar sunan asali. Maƙerin Damagaram ko na Tawa da ya ƙago sabon injin surfe ko matsar ƙuli yana da ikon neman tasa, ta ofishin da ke wakiltar ƙungiyar a ma'aikatar masana'antu a Yamai. Sharaɗin da ya fi kayar da mutane shi ne abin ya kasance sabo: ya shigar da buƙatarsa tukuna, kafin ya kai injin kasuwa kowa ya gani.