Garantin motar shaƙatawa

Motar shaƙatawa, wadda Amurkawa ke kira RV, mota ce ko tirela da aka gina ɗaki a cikinta, mai gado da kicin da banɗaki, don tafiye-tafiyen hutu. Akasarin waɗanda ake sayarwa a Amurka ana haɗa su ne a yankin Elkhart na jihar Indiana, inda kamfanonin Thor Industries da Forest River ke da hedikwata. Garantinta alkawari ne a rubuce cewa za a gyara duk aibin da ya taso daga masana'anta kyauta, cikin wani wa'adi.

Rabe-raben garanti

Sabuwar motar kan zo da garanti fiye da ɗaya. Kamfanin da ya gina ɗakin yakan ba da na shekara 1 a mafi yawan lokuta. Inji da gindin motar suna ƙarƙashin kamfanin da ya ƙera su, kamar Ford ko Mercedes-Benz. Firji da na'urar sanyaya ɗaki da janareta kuwa kowanne da garantin mai shi. Saboda haka idan abu ya lalace, sai an fara tantance wanda alhakin ke wuyansa.

Kulawa

Garanti ba ya biyan ɓarnar da sakaci ya jawo. Babbar matsalar ita ce yoyon ruwa. Girgizar hanya da zafin rana suna tsattsaga ƙaron da aka liƙe rufi da tagogi da shi, ruwan sama ya shige ya ruɓar da katakon bango. Kamfanoni kan ɗora wa mai mota duba wannan liƙi a kai a kai, kuma sukan ƙi biyan gyara idan bai yi ba. Kafin hunturu ana zubar da ruwan bututu, domin idan ya daskare yakan fasa su. Ajiye rasit da kwanan watan kowane aiki shi ne hujjar mai mota ranar da ya kai ƙorafi.

Doka

Dokar Magnuson-Moss ta 1975 ta wajabta a bayyana sharuɗɗan garanti a fili. Ta kuma hana kamfani tilasta wa mai saye amfani da kayan gyaransa kaɗai, sai dai in kyauta zai ba shi. A jihohi da dama, dokar mayar da mota mai aibi ba ta shafi ɓangaren ɗakin ba, don haka garantin kamfani ne babban abin dogaro.