Asusu Ɗaya Domin Masu Bukata

Yau za mu duba yadda jama'ar gari ke tara kuɗi wuri ɗaya domin tallafa wa ƙananan ƙungiyoyi masu kula da marasa lafiya, da marayu, da gwauraye.

A shekara ta 1887, a birnin Denver na ƙasar Amurka, wata mace Bayahudiya mai suna Frances Wisebart Jacobs, da shugabannin ikkilisiya uku, da wani malamin Yahudawa suka ga masu tarin fuka da matalauta sun yi yawa, kowace ƙungiya kuwa tana bin gida gida neman taimako ita kaɗai. Sai suka ce a riƙa yin tarin kuɗi sau ɗaya, a raba. A 1888 suka tara dala 21,700. Daga wannan ne aikin da ake kira United Way ya samo asali.

Ga yadda irin wannan asusu yake tafiya. Ƙungiya takan rubuta takardar roƙo, ta faɗi aikin da za ta yi, da mutanen da za su amfana, da nawa za a kashe. Kwamiti na masu aikin sa kai ya karanta, ya je ya gani da ido, sa'an nan ya yanka abin da za a bayar. Ba rance ba ne, amma tilas a kawo lissafi. Wanda ya kasa, da wuya a sāke ba shi.

Wannan ba baƙon abu ba ne gare mu. Sa'ad da Manzo Bulus ya tara gudummawa domin tsarkaka na Urushalima, bai riƙe kuɗin shi kaɗai ba. Ya aiki Titus tare da ɗan'uwan da ikkilisiyoyi suka zaɓa, don kada kowa ya sami abin zargi (2 Korintiyawa 8).

To, idan ikkilisiyarku tana da ɗakin shan magani, ko zumuntar mata tana ciyar da marayu, ku buɗe littafin lissafi tun yau. Ku ajiye rasit, mutum biyu su riƙa sa hannu, a karanta rahoto a gaban jama'a. Kuɗin magani da ya ɓata, ran wani ne ya shiga haɗari.

Ubangiji ya same mu amintattu. Amin.