Rage Ƙiba: A Ci Maiƙo Ko A Rage Loma?

Masu neman rage teɓa sun kasu gida biyu. Wasu na cewa a bar tuwo da shinkafa da burodi, a rungumi nama da ƙwai da man shanu. Wasu kuwa na cewa a ci komai, amma a rage yawansa.

Tsarin farko, wanda ake kira keto, tun asali ba don ƙiba aka ƙirƙiro shi ba. A 1921 likita Russell Wilder na asibitin Mayo a Amurka ya fito da shi don maganin farfaɗiya. Sai a 1972 littafin likita Robert Atkins ya yayata irin wannan ci ga masu ƙiba. Idan jiki ya rasa sitaci, hanta kan koma sarrafa kitse don samar da ƙarfi, yunwa kuma ta lafa.

Mai bin tsarin kan ga sikeli ya sauka a makon farko, ya hau murna. Sai dai akasarin abin da ya zube ruwa ne, domin sukarin da jiki ke ajiyewa a hanta da tsoka tare da ruwa yake zaune. Yana ƙarewa, ruwan ya bi fitsari.

A 2018 masana a Jami'ar Stanford suka fitar da sakamakon gwajin mutum 609 na tsawon shekara guda. Waɗanda suka rage sitaci sun zubar da kimanin kilo 6, waɗanda suka rage maiƙo kuma kilo 5 da ɗoriya. Bambancin bai taka kara ya karya ba, don kowane ɓangare cinsa ne ya ragu.

Giram ɗaya na mai yana da kalori 9, na sitaci kuwa 4. Cokalin man gyaɗa guda da ake kwararawa kan ɗanwake ya kai kalori 120. Saboda haka mai keto ma, in ya sake, ƙiba zai ƙara, ga kuma haɗarin hauhawar kitsen jini.

Duk hanyar da aka bi, sai abin da ke shiga ciki ya gaza wanda jiki ke ƙonawa sannan teɓa ke sauka. Zaɓi tsarin da aljihunka da tukunyar gidanka za su iya ɗauka shekara da shekaru. Mai ciwon suga ko na ƙoda, da mai juna biyu, su fara tuntuɓar likita kafin su sauya cimarsu.