Yaro mai minshari: a yi masa aikin maƙogwaro ko a jira?

Masu sauraro a Nima da Maamobi, ba kowane ciwon wuya ke kai yaro tiyata ba. Likitoci kan cire tonsil, ƙullutan nan biyu na gefen maƙogwaro, in suna kumbura da zazzaɓi har sau 7 a shekara, ko in yaro na minshari numfashinsa na ɗaukewa cikin barci. To, mai ɗaukewar numfashin nan kam kada a jira, a kai shi Korle Bu wajen likitan kunne, hanci da maƙogwaro. Ba aikin wanzami ba ne, cire belu daban yake. Kuma Alhaji, in an yi aikin, kada a kama hanyar Bawku ko Lome da yaron tukuna, don jini kan iya ɓallewa har kwana 14.