Ƙaro ma hawa-hawa ne

Ƙaron da muke zubawa a tawadar allo don ta kama shi ne dai wanda Turawa ke sa wa a lemon kwalba, alewa da ƙwayoyin magani. Ku duba jikin kwali: in kun ga E414, shi ne.

Sai dai ba kowane ƙaro ke samun kuɗi ɗaya ba. A Najeriya hawa uku aka raba shi. Na farko daga dakwara yake fitowa, dunƙule mai tauri da haske, kuma shi masu fitarwa waje suke rububi. Na biyu na dushe ne, mai saurin marmashewa. Na uku tarkacen sauran itatuwa ne.

A 1855 Faransa ta jera gonakin giyar inabi na Bordo hawa biyar, har yau sunan gona ke ɗaga farashi. Mu a nan itace da tsabta ake dubawa. Yaron Gagarawa ko Sule Tankarkar da ya gauraya ƙaron dakwara da na dushe, ko ya bar yashi da ɓawo a ciki, in ya kai Maigatari ranar Alhamis, kuɗin na ƙasa dillali zai taya masa buhun gaba ɗaya.