Koyon Kiɗan Ud a Omdurman: Kunnen Bahaushe Ya Riga Ya San Hanya

Duk ɗan kasuwar da ya taɓa sauke kaya a Suk Libya, babbar kasuwar da ke yammacin Omdurman kusa da unguwar Dar Salam, ya san sautin ud ko da bai san sunansa ba. Shi ne abin kiɗan nan mai ciki kamar rabin ƙwarya da gajeren wuya, wanda ke tashi daga rediyon masu shayi da motocin haya. Da yawa daga cikin mutanenmu na ɗauka kayan Larabawa ne zalla, amma tarihi ya nuna Hausawa na da hannu a cikinsa.

A shekarar 1942 ce Aisha Musa Ahmad, wadda aka fi sani da Aisha al-Falatiya, ta zama mace ta farko da ta rera waƙa a gidan Rediyon Omdurman. Asalinta Bahaushiya ce haifaffiyar Kasala, ta yi waƙa da Larabci da Hausa, ta rasu a 1974. Wadda ke kaɗa mata ud kuwa 'yar'uwarta ce Jidawiyya. Ke nan ɗan Hausa da ya ɗauki ud a yau ba shigar shugula ya yi ba.

Akwai kuma wata fa'ida. Kiɗan Sudan, saɓanin na Masar da Siriya, an gina shi ne kan sautuka 5, kamar yawancin kiɗan garaya da gurmi da molo. Shi ya sa Bakano ko Bamarade ke jin waƙoƙin marigayi Abdulkarim al-Kabli kamar na gida. Kunne ya riga ya saba, yatsu ne kawai za a horar.

Matakin farko shi ne saye. Ud yakan zo da tsirkiya 11: guda 10 an jera su biyu-biyu, sai ɗaya mai kaurin murya. Na Larabawa ya fi girma da zurfin amo, na Turkiyya ya ɗan fi ƙanƙanta. Kada ado ya ruɗi mai saye. A duba wuyan ko a miƙe yake, a duba fuskar ko akwai tsagewa, a murɗa kowane maɗauri a ga ko yana riƙe tsirkiya. Tazarar tsirkiya da katako, a inda wuya ya haɗu da ciki, kada ta wuce kamar milimita 3, in ba haka ba yatsu za su sha wahala, ɗalibi ya yi zuciya ya jefar. Ya fi kyau a je da wanda ya iya, kamar yadda ba a sayen sa sai da idon masani.

Na biyu shi ne saiti. Sabuwar tsirkiya takan saki a kwanakin farko, don haka kullum sai an gyara kafin a fara. A yau akwai manhajojin waya da ke taimakawa. Daga nan sai hannun dama, wanda ke riƙe da risha, wato tsinken kaɗawa. A da da gashin mikiya ake yin ta, yanzu roba ce. Malamai kan sa ɗalibi ya yi makonni yana bugun ƙasa da sama kafin a ba shi waƙa. Wuyan ud ba shi da alamun da ke nuna wurin ɗora yatsa irin na jita. Kamar goge yake, kunne ne alƙali. Minti 20 kullum ya fi awa 3 ranar Juma'a kaɗai.

Ina za a samu malami? A 1969 aka kafa makarantar koyon kiɗa da wasan kwaikwayo a Khartoum, kuma a 2020 aka buɗe reshen Baitul Ud na makaɗin Iraƙi Nasir Shamma. Sai dai yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu, 2023 ya tarwatsa makaɗa da dama zuwa Alƙahira da wasu birane, ya kuma taɓa yammacin Omdurman sosai. Wannan ne ya sa koyo daga tsofaffin unguwa da faifan bidiyo ya ƙara daraja, domin sana'ar da ta rasa ɗalibai mutuwa take yi.

Gargaɗi na ƙarshe ga matafiya: babban abokin gaban ud shi ne zafi. Katakonsa siriri ne, da gam aka haɗa shi. Idan aka ɗaure shi a saman mota cikin rana, ko aka bar shi a shago mai rufin kwano, zai buɗe, haka ma bushewar hunturu na tsaga shi. A sassauta tsirkiyoyi, a sa shi cikin jakarsa, a riƙe shi a cinya har a isa gida.